Awa nawa kafin ka koyar da tuƙin jirgi mai saukar ungulu?

Matashin Anka, Gummi ko Bukkuyum da ke ɗaga kai in ya ji rugugin jirgi mai saukar ungulu, yana burin wata rana ya koyar da tuƙinsa, ya sani cewa a wannan sana'a awannin da ka yi a sama ake ƙirgawa.

Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, lasisin farko na buƙatar awa 40, na tuƙin kasuwanci kuwa 150. Koyarwa sai bayan nan. Turai na neman awa 250 kafin mutum ya zama malami. A Amurka, mai son koyarwa da ƙaramin jirgin Robinson R22 sai ya cika awa 200, 50 daga ciki a kan irin jirgin. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisi. Ita za ka tambaya kai tsaye, kada ka bi ta hannun dillali.

Kowace awa kuɗi ce mai nauyi. Don haka kafin baba ya sayar da gona ko shanu, a fara zuwa gwajin lafiya mataki na ɗaya: ido, kunne, zuciya. Wanda bai bambance ja da kore ba, tafiyarsa na iya tsayawa nan.

Riƙe Lissafi, Fiziks da Turanci da kyau tun daga sakandare. In aljihu bai kai ba, nemi shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, ɓangaren sojan sama. Kuma duk tashin da ka yi, rubuta shi a littafinka na ƙirga awanni a ranar, malami ya sa hannu.