Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Funfuna Ke Haɗa Guba?

Wani mai sauraro daga Kano na tambayar yadda funfunar gyada ke haɗa guba.

To malam, funfunar gyada, wato Aspergillus flavus, tana da ƙwayoyin gado kusan 30 na haɗa wannan guba, a jere wuri guda. Ɗaya daga ciki ke samar da enzayim PKS, mai ɗora ƙananan sinadarai kamar tubali, har su yi tsawo. Sauran enzayim sai su sarrafa su zuwa aflatoksin, gubar da ke lalata hanta. Ita ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

Abin mamaki, da wannan dabara 'yar'uwarta Aspergillus terreus ke samar da maganin rage kitsen jini.

Manoma, don Allah a busar da gyada sosai kafin a adana, don kada ta yi funfuna.