DARASI GA MALAMAI DA IYAYE: YARO MAI CINIKI DA ABOKIYAR GASARSA

A cikin shekara ta 2005 wani marubuci na ƙasar Amurka, sunansa Andrew Clements, ya fitar da wani littafin yara mai suna Lunch Money, watau kuɗin abincin rana. Mutumin nan ya yi aikin malanta kafin ya shiga rubutu, saboda haka ya san halin 'yan makaranta sarai. Ya rasu a 2019. Labarin ƙage ne, amma ba aljani ko dodo a ciki. Abin da ke aukuwa a makaranta ne kurum.

LABARIN

Akwai wani yaro, sunansa Greg, tun yana ƙarami yana son kuɗi ƙwarai. Yakan yi wa yayyensa aikin gida su biya shi. Wata rana ya lura yara da yawa suna zuwa makaranta da 'yan canji a aljihu. Sai ya fara sayar musu da alewa da kayan wasa, har shugabar makarantar ta hana shi. Da ya shiga aji shida ya sake dabara. Yakan ɗauki takarda guda, ya zana labari a kai, ya nannaɗe ta, ta zama ɗan littafi. Kowane ɗaya senti 25 ne, watau rubu'in dala.

Ciniki yana tafiya ke nan, sai ga Maura, 'yar maƙwabtansu, ita ma ta fito da nata littafin. Greg ya husata, ya ce ta sace masa dabara. Gardama ta yi zafi a cikin aji, har hannunta ya same shi a hanci, jini ya zuba. Daga nan aka hana sayar da littattafan duka. Ga shi, kowa ya yi hasara.

Daga baya Greg ya duba zanen Maura da kyau, ya ga lalle ta iya. Abin ya yi masa wuyar faɗi, amma ya faɗa. Ya koya mata yadda ake shirya littafin, suka gama kai. Da taimakon malaminsu na lissafi suka kai roƙo gaban kwamitin makaranta. Aka yarda musu, a kan za a ba makarantar rabo daga cikin ribar.

ABIN KOYO

1. Yaron da ke son ciniki ba lalatacce ba ne. Greg ya yi aiki da hannunsa, bai yi sata ba. Laifinsa ɗaya, ya mai da abokansa kasuwa kawai.

2. Ƙyashi yakan makantar da mutum. Muddin Greg yana fushi, bai iya ganin gwanintar Maura ba.

3. Hani kaɗai ba ya gyara yaro. Malamin lissafi ya saurare su, ya nuna musu hanyar da za su bi su roƙa da ladabi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa Greg ya ce Maura ta cuce shi? Yana da gaskiya?
2. Wa ya ci riba sa'ad da suke faɗa?
3. In ɗanka ya fara ciniki a makaranta, me za ka fara tambayarsa?

Ku karanta wa yara labarin nan, ku bar su su amsa da kansu. Kada ku yi saurin ba su amsa.