Amsoshin Tambayoyinku: Wanda ya yi karayar arziki, zai iya shiga sojan Amurka?

Wani ɗanmu da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ya aiko da tambaya. Ya ce tasi yake ja, ya ci bashin mota, sai ciwo ya kwantar da shi wata da watanni, bashi ya yi masa katutu, har ta kai shi gaban kotu aka tabbatar da karayar arzikinsa. Yanzu ya warke, yana sha'awar aikin soja, amma abokai sun ce masa kada ma ya ɓata lokacinsa, ƙofa ta riga ta rufe. Shin haka ne?

To, ɗana, sannu da jiki, kuma na gode da ka tambaya. Abokanka sun ji wani abu, amma ba su ji shi duka ba. Karayar arziki ita kaɗai ba ta hana mutum shiga sojan Amurka. Ba laifi ba ce a dokarsu, hanya ce da doka ta buɗe wa wanda bashi ya fi ƙarfinsa. Iri biyu aka fi yi. A ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki, ana sayar da abin da doka ta yarda a sayar cikin dukiyarka, a raba wa masu bin ka, a yafe mafi yawan ragowar, yawanci cikin 'yan watanni. A Babi na 13 kuwa, kotu ce ke amince maka da tsarin biya kaɗan-kaɗan na shekara 3 zuwa 5. Na farkon yana zama shekara 10 a tarihin bashinka, na biyun galibi shekara 7. Idan na biyun ne naka kuma ba ka gama biya ba, ka fara sanar da lauyanka da jami'in da kotu ta ɗora a kan shari'ar, domin abin da kake samu zai canza.

Inda gizo ke saƙar shi ne izinin sanin sirrin gwamnati. Ayyuka da yawa a soja, kamar sadarwa, leƙen asiri da kula da manyan makamai, ba a yin su sai da wannan izini. Mai nemansa yakan cike doguwar takarda mai suna SF-86, wadda ke tambaya ƙarara ko ka shigar da karayar arziki cikin shekara 7 da suka wuce. Matsalar kuɗi tana gaba-gaba cikin dalilan da ke sa a hana mutane izinin nan.

Me ya haɗa bashi da sirri? Hukumomin Amurka sun taɓa ƙonewa ne. A 1967 wani jami'in sadarwa na sojan ruwa, John Walker, wanda mashayar da ya buɗe ta jefa shi cikin bashi, ya taka da ƙafarsa ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Washington, ya sayar musu da sirrin ƙasarsa. Bai daina ba sai da aka kama shi a 1985. Ka ga kenan tsoronsu ba talauci ba ne, tsoronsu mutumin da kuɗi za su iya saye.

Shi ya sa masu bincike ke duba dalili da kuma abin da ka yi daga baya. Ƙa'idarsu ta yi sassauci ga wanda abin ya faɗo masa ba da sonsa ba: rashin lafiya, rasa aiki, mutuwar aure. Wanda caca ko almubazzaranci ya karya, nasa daban ne. A ganina ma, wanda ya je kotu ya warware bashinsa ya fi wanda ya bar takardun masu bin bashi jibge a ƙasan gado yana kashe waya. Sai dai ka tuna, kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta yanka ba ya faɗuwa da karayar arziki, haka mafi yawan bashin karatu da na haraji. Idan akwai su a kanka, ka ci gaba da biya.

Ba ka faɗa mini matsayin zamanka ba. Mai katin zama na dindindin, wato Green Card, yana iya shiga soja, amma izinin sirri sai ɗan ƙasa. In haka ne naka, wannan ne zai taƙaita maka zaɓin aiki tun kafin a zo maganar bashi.

Kowane reshe na sojan yana da nasa tsarin tantancewa, kuma yakan canza, don haka jami'in ɗaukar sojoji ne zai gaya maka na yau. Ka je masa da takardar kotu da ta sallame ka, da takardun asibiti, da shaidar biyan da kake yi tun daga lokacin. Ka faɗa masa komai tun a zaman farko. Ɓoye abin da aka tambaye ka a takardun shiga laifi ne a dokar soja, yana iya jawo kora ko da ka riga ka sa kaki. Allah Ya ƙara lafiya, in ka dawo daga wurinsa ka rubuto mana yadda kuka yi.