Ƙarar salansa daban, ƙarfin mota daban

Wata Asabar da hantsi wani matashi ya shigo garejin da mai wannan rubutu yake aiki, da Ford Mustang GT ƙirar 2015 mai injin V8 lita 5.0. Tun daga bakin titi ake jin ta kamar hadari ya taso. Koke uku ya zo da su: wutar cek ta ƙi mutuwa, mai ba ya auki, kuma da ya hau hanyar Abuja wani gurnani ke cika motar har kansa ya ɗauki ciwo. Da aka ɗaga ta sai ga abin da ake zato. An yanke salansar tun daga ƙarƙashin inji an jona bututu miƙaƙƙe, waldar tana yoyo, indomi kuwa an yi gaba da ita.

Abin da makanikai ke kira indomi tukunya ce mai ciki kamar saƙar zuma, an shafe ta da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinta ta rage gubar hayaƙi kafin ya fita, kuma tun 1975 ake sa ta a motocin Amurka. Tsadar ƙarafan nan ce ke sa wasu lallashin mai mota ya cire ta, wai tana shaƙe inji. Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da sensa a gabanta da bayanta. In an cire ta, sensar baya za ta kunna wutar cek. Idan kuma walda na yoyo kusa da ta gaba, kwamfutar motar za ta ɗauka iska ta yi yawa, sai ta ƙara mai. Ga kuma hayaƙin da kan sulalo cikin mota, wanda gubarsa ba ta da wari kuma tana kisa. Wannan ne ya fi tayar wa makanikin garejin hankali, domin matashin da iyalinsa yake tafiya, gilashi a rufe.

Mai son canji ya fara tambayar kansa me yake nema. In murya ce, tukunyar baya kaɗai ta isa. Canjin da ya taso daga bayan indomi zuwa wutsiya yana gyara murya ya rage nauyi, amma ƙarfin da yake ƙarawa a injin da ba turbo kaɗan ne, da wuya direba ya ji shi a ƙafarsa. Motar turbo ta fi amfana da buɗe hanyar hayaƙi, sai dai a sake saita kwamfutarta.

Faɗin bututu ma yana yaudarar mutane. Toyota 86 mai lita 2.0 inci biyu da rabi ya ishe ta. Aka zarce, hayaƙi zai rasa saurin fita, motar ta yi sanyin tashi a cikin gari.

Gurnanin da ya sa wa matashin ciwon kai yakan zo ne wajen juyi 2,000 a minti, daidai inda mota ke zama a doguwar tafiya, kuma cire ƙaramar tukunyar tsakiya ne ke jawo shi. Shi ya sa makanikin ke cewa a saurari salansa daga cikin mota tana gudun kilomita 100, kada a tsaya ga taka totur a gareji. A tuna da maƙwabta ma. Jihar Kalifoniya ta kayyade ƙara a desibel 95, Ford kuma daga 2018 ta fito da salansar Mustang mai bawul da ake iya rage wa murya lokacin tayarwa da asuba.

Sai ƙarfen da ake yin salansa da shi. Lamba 304 ta fi 409 jure tsatsa, kuma maganaɗisu na raba gardama: yana kama 409, da kyar yake kama 304. Kamfanonin Borla da MagnaFlow sun yi suna a wannan aiki, amma jabu masu ɗauke da tambarinsu sun yi yawa. Titaniyam irin na Akrapovič ba shi da nauyi, sai dai in ya tsage a kan tudun rage gudu, waldar bakin titi ba ta ɗinke shi, sai mai injin iskar argon.

Mustang ɗin dai an nemo mata indomi biyu da suka dace da ita, aka mayar da tukunyar tsakiya, aka sa mata ta baya mai murya. Wutar cek ta mutu, kuma kuɗin da matashin ya kashe ya ninka abin da aka ba shi a kan indomin asali ranar da aka yanke su.