Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake ƙididdige asarar da sikizofiraniya ke jawowa?

Wani mai saurarenmu daga Naraguta a Jos ya aiko da tambaya: yaya masu bincike ke auna asarar dukiyar da ciwon ƙwaƙwalwa na sikizofiraniya ke jawowa?

To Malam, mun gode. Wannan cuta ce da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, ko yarda da abin da ba shi da tushe. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 1 cikin 300 ne ke fama da ita.

Masana kan raba asarar gida biyu. Na farko, kuɗin da ke fita daga aljihu: magani, gadon asibiti, da kuɗin mota, misali daga Naraguta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Na biyu, asarar ɓoye. Ka ɗauki baduku da cuta ta raba shi da fata da basilla, matarsa kuma ta rufe sana'arta tana jinya. Kuɗin shigar da mutum biyun suka rasa duk ana lissafa shi, kuma sau da yawa ya fi na magani yawa.

Rahoto nagari yakan fayyace shekarar farashin da aka yi amfani da shi, musamman yadda darajar naira ke sauyawa, da kuma wanda ya ɗauki nauyin: iyali, gwamnati ko al'umma.

Malam, cutar tana da magani. A gaggauta kai mara lafiya asibiti, domin jinkiri ne ke ninka asarar.