Amsar Tambaya: Teburin Mai Shayi Na Cinye Mini Albashi

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Boyekai. Kullum da safe nakan tsaya wurin mai shayin da ke kusa da makarantarmu, in sha shayi da madara, in haɗa da burodi da wainar ƙwai. Kafin wata ya raba, aljihu ya bushe. Ina mafita?

Amsa: Kada ka ga laifin mai shayi. Yawancin alkamar burodi da garin madara daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi, kowane cokalin Milo sai da ya ƙara kuɗi.

Mai araha shi ne abin da ake nomawa a gefenku: gero, wake da shinkafar fadamun Rima daga Goronyo zuwa Wurno. Kunu da ƙosai ko masa za su riƙe ka har azahar, burodi kuwa kafin hantsi ya narke.

Ba sai ka ƙaurace wa teburin ba, don hirarsa ma tana da daɗi. Ka sha ruwan bunu da citta, ka bar madara da ƙwai sai sau biyu a mako. Ka sa ido a fasa ƙwan a gabanka, ka duba ruwan da ake ɗauraye kofuna. Ka biya nan take, don littafin bashi shi ke lashe albashi tun kafin ya shigo. Daidai ruwa, daidai tsaki.