Darasi: Yadda Ake Ajiye Murya

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In ta fita, ta fita ke nan. A zamanin kakanninmu, idan tsoho ya rasu, muryarsa ta tafi tare da shi. Yau ana iya kama murya a ajiye, kamar yadda ake ajiye dawa a rumbu.

A shekarar 1877 wani mutumin Amurka, sunansa Edison, ya ƙera akwatin farko mai kama magana ya maimaita ta. Ga yadda abin yake. Idan mutum ya yi magana, iska takan girgiza. Iskar ta girgiza wani ɗan marfi mai kama da fatar kalangu. Marfin ya motsa allura, allurar ta yi zane. In aka sāke bi da allura ta kan zanen nan, sai maganar ta fito. Daga baya aka yi faifan garmaho, sa'an nan kaset. Yanzu wayar hannu ma tana yin wannan aiki.

A birnin Landan akwai babban laburaren ƙasar Ingila. Ba littattafai kaɗai ke cikinsa ba. Akwai ma'ajiyar muryoyi, wadda aka kafa a 1955, aka haɗa ta da laburaren a 1983. A ciki akwai ɗauka fiye da miliyan 6: waƙoƙi, da kiɗa, da tarihi daga bakin tsofaffi, da marubuta suna karanta abin da suka rubuta, har da kukan tsuntsaye.

Akwai na ƙasarmu a ciki. Daga 1909 zuwa 1915 wani Bature, Northcote Thomas, ya zaga kudancin Nijeriya da Saliyo yana ɗaukar waƙa da magana a kan gwangwanayen kaki. Mutanen da ya ɗauka duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna iya jin muryarsu.

A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan aiki. A 1963 da 1964 wani malami daga Amurka, David Ames, ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga shi a faifai. A Yamai ta Nijar an buɗe cibiyar tattara tarihin baka a 1968. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma ana jin waƙarsa a kasuwar Rogo kamar yana raye, don an ɗauka an ajiye.

To, ga labari na gida. Kun san Zarewa ta ƙasar Rogo. Kusa da ita akwai wani ƙauye, Karo. Wata mace mai suna Baba ta tashi a can. An haife ta wajen 1877, watau lokacin da aka ƙera akwatin nan. Da ta tsufa tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau. A 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Ta faɗi yadda mahara ke kama mutane, da yadda ake aure da suna, da zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Turanci a 1954, ana karanta shi a ƙasashe da yawa.

Da ba a rubuta ba, da duk wannan ya ɓace. Amma takarda ba ta riƙe murya. Ba ta nuna yadda tsohuwa take jan magana, ko inda ta yi dariya. Saboda haka rubutu da ɗaukar murya abokan juna ne.

Ajiya kuma tana son kula. Zafi da ƙura da laima suna ɓata kaset. Waya takan faɗa ruwa, ko a sace ta. Ko babban laburaren nan na Landan, ɓarayin intanet sun kai masa hari a 2023, aka daɗe mutane ba su iya sauraron muryoyin daga nesa. Kada a zuba hatsi duka a rumbu ɗaya.

Ga abin da kowannenku zai iya yi. A Ƙaraye da Rogo akwai tsofaffin da suka san waƙar niƙa da ta daka, da kiɗan noma, da tatsuniya, da yadda ƙasa take kafin a gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Da tsohuwar zuma ake magani.

1. Ka je ka gai da tsoho, ka nemi izininsa. In ya ƙi, ka bar shi.
2. Ku zauna inda babu hayaniya. Kada ka katse masa magana.
3. Ka rubuta sunansa, da garinsa, da rana da shekara, da abin da ya yi magana a kai.
4. Ka ajiye a wuri biyu, ka ba iyalinsa ɗaya.

Ku lura da na uku. Muryar da ba a rubuta sunan mai ita ba, kamar wasiƙa ce marar adireshi. Nan karatun da kuke koya zai yi muku rana.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka ƙera akwatin farko mai kama magana?
2. Wace ce Baba, kuma kusa da wane gari ta tashi?
3. Me murya take riƙewa wanda takarda ba ta riƙewa?
4. Don me ake ajiye ɗauka a wuri biyu?

Aikin gida: Ka rubuta sunayen tsofaffi uku na unguwarku, da abin da kowannensu ya sani.